Gani Ya Kori Ji: Tarken Yadda Muke Koyar da Waƙar Baka a Zamanin Wayar Hannu

A makarantar sakandaren da na yi a Birnin Kebbi akwai wani ɗaki da muke kira ɗakin kwamfuta. Shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe da labule a duk makarantar. Cikin shekara shida da na yi a can ban shiga cikinsa fiye da sau biyar ba, uku daga ciki ma shara aka sa mu saboda ana sa ran baƙi. Kwamfutocin suna jere a kan tebura, an lulluɓe kowace da ƙyalle kamar amaren da ba a yi wa buɗar kai ba. In an kawo wuta babu malami, in malami ya zo babu man janareto. Sai da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta a 2015 aka fara buɗe ɗakin a kai a kai, don a koya wa 'yan ajin ƙarshe yadda za su riƙe linzami su zaɓi ɗaya cikin amsoshi huɗu. Aikin da fensir yake yi a da, shi aka ɗora wa na'urar dubban nairori.

Duk sa'ad da aka ta da zancen fasahar zamani a makarantunmu, irin wannan ɗaki ne yake faɗo wa mutane a rai: kwamfuta, majigi, intanet. Da yawan kwalayen da aka sauke daga mota ake auna ci gaba. Ba mu kaɗai muka afka wannan rami ba. Shirin nan na bai wa kowane yaro ƙaramar kwamfuta, wanda aka gwada a wata firamare da ke Galadima a Abuja a 2007, ya fi samun gindin zama a ƙasar Peru, kuma binciken da aka fitar a can a 2012 ya nuna yaran sun ƙware wajen sarrafa na'urar, amma lissafinsu da karatunsu suna nan inda suke. Rahoton UNESCO na 2023 kan ilimi ya yi kashedin cewa ingantattun hujjoji kan amfanin na'urori a aji ƙalilan ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake yawo da su masu sayar da kayan ne suka samar da su.

Ni ɗalibin adabi ne, don haka tambayata ba ta kai faɗin tasu ba. Me ajin adabin Hausa yake bukata daga na'ura? Amsar da na samu, bayan shekara guda ina koyarwa a wata makarantar sakandare a Argungu, ita ce murya. Kuma na'urar da take iya kawo muryar ba ta cikin ɗaki mai ƙofar ƙarfe, tana cikin aljihun malami.

Hausawa suna cewa gani ya kori ji. A kasuwa da gaban alƙali wannan magana gaskiya ce. A ajin waƙar baka kuwa ta zame mana annoba, domin gani ya kori ji har ya rufe masa ƙofa. Yadda aka koya mini waƙar Narambaɗa, haka aka koya wa dubban ɗalibai: malami ya rubuta ɗiyan waƙa a allo, mu kwafa, ya ja layi a ƙarƙashin kalmomi masu wuya, ya faɗa mana turke, ya lissafa mana salo, mu haddace. Na san sunan Bakandamiya, na san an yi ta ne ga Sarkin Gobir na Isa Amadu, na san Narambaɗa da kotso yake kiɗa. Na ci maki da wannan sani. Amma ban taɓa zama na saurari waƙar daga farko zuwa ƙarshe ba sai a shekarata ta biyu a jami'a.

Abin da takarda take zubarwa daga waƙa ba kaɗan ba ne, kuma ya kamata a faɗe shi dalla-dalla. A 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka shirya masa kamun kifin da ya zama tushen bikin da duniya ta sani yau, a shekarar ce Bargery ya fitar da ƙamusunsa, kuma a tsakanin nan ne ofishin talifi na Zariya yake buga littattafan da suka yi nasara a gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Rubutun bokon da ya kafu a wancan zamani ya jingina ne da karin harshen Kano, kuma a amfanin yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Mai karanta labari bai damu ba, domin jimla za ta gaya masa ko garin tuwo ake nufi ko garin mutane, ko kukan jariri ko kukar miya. Amma makaɗi da waɗannan abubuwa biyu yake gini. Nauyin gaɓa da hawa da saukar murya su ne tubalinsa, kuma su ne ainihin abin da rubutunmu ya bari a waje.

Sai kuma karin harshe. Manyan makaɗan fada da ake nazarta, irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Aliyu Ɗandawo, mutanen yamma ne, da Hausar yamma suka yi waƙa. Inda Bakano zai ce suka, su sunka suke cewa. Inda zai ce da ya tafi, su da yat tahi suke cewa. Wannan ba bambancin ado ba ne. Gaɓar farko ta suka mai sauƙi ce, ta sunka mai nauyi ce. Duk marubucin da ya gyara kalmar don ta dace da daidaitacciyar Hausa ya rage wa saɗarar nauyi, ya kauce wa bugun kotso, ya karya waƙar yana zaton gyara ta yake yi. Ɗalibin da takarda kaɗai ya gani ba shi da hanyar sanin an yi wannan ɓarna.

Na uku shi ne amshi. A takarda, gindin waƙa da ake maimaitawa bayan kowane ɗa kamar ɓata wuri yake, har wasu marubuta sukan rubuta shi sau ɗaya su wuce. A kunne kuwa shi ne ginshiƙin da rumfar take kai. A nan jagora yake numfasawa, yake duba fuskar ubangidansa, yake ƙulla ɗan da zai biyo baya. Narambaɗa yakan fara magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su yi ƙari, wani lokaci su raka shi. Wa ya faɗi wace kalma, da wace murya, bayan shiru na tsawon wane bugu, duk wannan ma'ana ce. Zambo da habaici ma rabinsu a lafazi yake. Kalmar da za ka karanta ka ɗauka yabo ce, in ka ji yadda aka ja ta sai ka gane an yi wa wani ɗan sarki tsirara ne a tsakiyar fada.

Ba na ɗora wa manazartanmu laifi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, ya tanadi gurbin kiɗa da rauji da amshi a cikin tsarinsa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza, ɗan wannan jiha tamu, ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Waɗannan malamai da kunne suka yi aikinsu, sun bi makaɗa gida-gida, sun lalata kaset bayan kaset wajen maimaitawa. Matsalar tana faruwa ne a hanya, tsakanin littafinsu da allon ajin sakandare. Kafin ilimin ya iso wurin yaro, an tace shi, ruwan ya tsiyaye, sai tsaki.

Ajin da aka ba ni a Argungu na biyu ne a babbar sakandare, yara sun haura sittin, maza a dama, mata a hagu. Mako biyu na yi ina koyar da waƙar fada yadda aka koya mini, ina kallon idanu suna lumshewa. Ranar wata Laraba na ari ƙaramar lasifika mai caji daga wani ɗan'uwana mai shayi, na biya wurin masu tura waƙoƙi a kasuwa suka zuba mini tsofaffin makaɗa a katin memori da 'yan nairori kaɗan. Na raba wa ɗalibai takardar waƙar da muke nazari, wadda na kwafo daga wani tsohon kundi, na ce kowa ya bi da ido. Sai na kunna.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shirun da ajin ya yi. Na biyu, kafin a zagayo gindin waƙar sau uku, ƙafafu sun fara bin kotso a ƙarƙashin benci. Na uku ya fito ne daga bencin ƙarshe, daga bakin wani yaro ɗan Sarkawa wanda ban taɓa jin muryarsa ba, wanda kuma rubutunsa yake cikin mafi rauni a ajin. Ya ɗaga hannu.

"Malam, a maido baya kaɗan."

Na mayar. Ya karkata kai ya saurara.

"Malam, ba haka yac ce ba. Wanda yar rubuta takardag ga bai ji shi da kyau ba."

Muka sake saurara har sau huɗu. Yaron yana da gaskiya. Kalma ce ta mutanen yamma, mai rubutawa bai san ta ba, sai ya sa wata mai kama da ita a sauti, ma'anar saɗarar ta juya gaba ɗaya. Ni kaina na yi bayanin wannan saɗara a makon da ya gabata, na ƙirƙiro mata fassara mai daɗi, na sa sun rubuta. Na tsaya gaban allo na ce su soke. Yaron ya gaya mana ma'anar kalmar, ya ce kakansa yana faɗin ta.

Wannan ne nake ganin babban aikin da na'ura ta yi a ajina, kuma ba shi ne wanda masu tallar fasaha suke faɗa ba. Ba sabon ilimi ta kawo daga waje ba. Ta fito da wanda yake cikin ajin tun farko, wanda takarda ta danne. Yaran Kabi sun shekara goma ana ja musu jan biro a ƙarƙashin munka da shina da hili, har sun yarda Hausar gidansu kuskure ce. Ranar nan suka ji mutumin da ake kira gwani, wanda ake yin digiri a kan waƙarsa, yana magana kamar kakanninsu. Tsarin ajin ya juye na ɗan lokaci, na baya suka zama na gaba.

Amma tsugune ba ta ƙare ba. Da aka tashi, wani dattijon malami da ya girme wa mahaifina ya kira ni gefe a ƙarƙashin bedi. Ya ce, "Ɗana, na ji kiɗa na tashi daga ajinka. Ban ce ka yi laifi ba. Amma ka sani, jarrabawa ba ta da kunne." Na so in yi gardama, na rasa ta inda zan kama, domin gaskiya ya faɗa. Ɗalibin Hausa zai gama sakandare, ya amsa tambayoyi kan adabin baka, ba tare da an taɓa kunna masa sauti ko na daƙiƙa ɗaya a zauren jarrabawa ba. Kai, ko jarrabawar furucin Turanci a takarda ake yin ta a ƙasar nan. Muddin haka abin yake, malamin da ya ɓata minti ashirin yana sauraro da ɗalibansa, a idon mai duba sakamako wasa ya yi. Ga kuma abin takaici: yanzu da ake zaunar da yara gaban kwamfuta don jarrabawa, na'urar da take iya fitar da sauti ce a gabansu, amma an toshe mata baki, an sa ta yin aikin takarda. Da za a saka tambaya biyar kacal da sai an saurara za a amsa, da kowane malamin Hausa daga Kamba zuwa Zuru ya nemi lasifika kafin zango ya ƙare.

Ita ma muryar da ke cikin waya ba ita ce waƙar ba, kuma wajibi ne malami ya faɗa wa ɗalibansa haka. Abin da muka ji rana ɗaya ce daga rayuwar waƙar, ranar da aka ajiye rikoda a gaban makaɗi. Babu sarki a kan karaga, babu fadawa, babu mai miƙa kyauta da zai sa jagora ya ƙara ɗa nan take. Duk wanda ya saurari waƙar Shata guda a ɗauka biyu daban-daban ya san ba ta zuwa iri ɗaya. Na lura ɗalibaina sun fara ɗaukar abin da ke cikin katin a matsayin shi ne sahihi, duk wanda ya rera ta wata hanya ya yi kuskure. Ashe ciwon takarda ne ya sake dawowa da sabuwar riga. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Lasifika ta kawo mana bakin, ta bar mai shi a baya.

Mafi muni shi ne abin da wayar take yi idan ta koma hannun ɗalibi shi kaɗai da dare. Na ba da aikin gida kan salon kambamawa. Bakwai suka kawo rubutu iri ɗaya har da kuskure iri ɗaya, an tura ta WhatsApp daga waya zuwa waya. Wani kuma ya tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan na ƙirƙirarriyar basira, ta zuba masa saɗaru shida ta ce na Narambaɗa ne. Babu ko ɗaya da makaɗin ya taɓa faɗa. Hausar lami ce, ba ta Gobir ba, ba ta Kabi ba, ba ma ta Kano sosai ba, kuma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya, ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Yaron ya kwafe da kyakkyawan rubutu, ya yi mini rantsuwa cewa a intanet ya gani. Ban hukunta shi ba. Na kunna waƙar, na ce ya nuna mini inda aka faɗa. Wayar da ta yi masa ƙarya, ita ce ta ƙaryata kanta.

Tsoron nan tsoho ne. Aflatun ya kawo labarin wani sarkin Masar da aka yi wa tallar rubutu a matsayin maganin mantuwa, sarkin ya ce a'a, shi ne zai sa mutane su daina riƙe abu a ka, su yi kama da masana alhali ba su sani ba. Kakanninmu sun warware wannan da hikimar da ba mu cika yaba mata ba. Allon makarantar allo shi ma na'ura ce, amma ya san matsayinsa: a rubuta, a biya da murya, a haddace, a wanke. Haka jajin Nana Asma'u suke karɓar waƙa a rubuce su kai wa matan ƙauyuka a rere. Rubutu yana ɗauko kaya, murya tana saukewa.

Akwai kuma maganar wa yake da wayar. A ajina yawancin 'yan mata ba su da ita, ta uba ce ko ta wa, kuma makaranta ta hana shigowa da ita ko ga masu ita. Duk tsarin da ya ce kowane ɗalibi ya buɗe manhaja a gida ya riga ya zaɓi waɗanda zai bari a baya. Shi ya sa na tsaya a kan waya ɗaya da lasifika ɗaya a hannun malami, kunnuwa sittin kuma su ji tare.

A zango na biyu na juya akalar. Maimakon in kawo musu murya, sai na aike su su ɗauko. Na kasa su rukuni-rukuni, kowane rukuni da wayar aro guda. Sharuɗɗa uku na ba su: su nemi izinin mai waƙa, su faɗi gari da rana a farkon ɗauka, su rubuta abin da suka ji yadda suka ji shi, ba gyara. UNESCO ta sanya bikin Argungu cikin jerin al'adun duniya da ake tattali a 2016, kuma baƙi suna zuwa su ɗauki hoton dubban masunta suna rugawa cikin Matan Fada da homa da gora. Amma kirarin da Basarke yake yi kafin ya taɓa ruwa, da waƙar da mata suke yi wajen dashen shinkafa a fadama, ba sa fitowa a hoto. Gangunan da na gani a gidan tarihi na Kanta ma shiru suke.

Suka dawo da ɗauka ashirin da uku: waƙoƙin daka, na reno, na dashe, kirarin masunta, da wata doguwar tatsuniya mai waƙa a ciki. Wata yarinya ta ba mu labarin yadda kakarta ta fara ƙi. Ta ce mata, "Ke ɗiyag ga, mi za ki yi da waƙad daka, ga inji nan bakin ƙohwa?" Tsohuwar ta faɗi abin da ban yi tunani ba: na'ura ce ta kashe waƙar tun kafin wata na'urar ta zo ɗaukar ta. Daga baya ta yarda, ta sa aka kawo turmi da taɓarya, ta ce ba ta iya rera ta a zaune.

Rubutawar ce ta fi ba su wuya, ita ce kuma ta fi koya musu. Sai sun saurari saɗara ɗaya sau ashirin kafin su daidaita a kan abin da aka ce. Sun yi musu kan ko a rubuta hwara ko fara, ko a ninka baƙi a yaz zo. A mako uku sun fahimci ƙa'idojin rubutu fiye da yadda na koya musu a zango guda, domin a karon farko sun ga abin da ƙa'ida take kamawa da abin da yake kuɓuce mata.

Duka ɗaukar na tara a katin memori ɗaya. Na yi niyyar kwafe su a wani wuri, na yi ta ɗagawa, yau babu data, gobe babu caji. Laifina ne, ba na kowa ba. Da damina ta kankama, wata safiya na saka katin ya ƙi buɗewa. Na kai shi wurin masu gyara a Argungu, na hau mota na kai Birnin Kebbi, kowa ya gwada ya girgiza kai. Cikin ashirin da uku, tara kaɗai aka riga aka rubuta a littattafan yara. Tsohuwar mai waƙar daka kuwa Allah ya yi mata rasuwa makonni kaɗan kafin haka.

Da na faɗa wa ajin, na kasa duban wajen 'yan mata. Jikar tsohuwar ta buɗe littafinta ta daɗe tana kallon shafin. Sai ta ce, "Malam, in rera?" Na ce ta rera. Ta fara a hankali, idonta a kan rubutun, zuwa ɗa na biyu ta rufe littafin. Ta ja inda kakarta take ja, ta yanke inda taɓarya take sauka. Ƙawayenta biyu da suka yi aikin rubutawa tare da ita suka karɓi amshi, yaron nan na bencin ƙarshe ya riƙe musu bugun turmi da tafin hannu a kan tebur. Dattijon malamin yana wucewa ta baranda da alli a hannu, ya tsaya a bakin taga har suka kai ƙarshe, sannan ya wuce ajinsa.